Rauta Ko Mutum?

A Kafanchan in ka tambayi gidan Chinonye sai a tsaya ana sosa ƙeya, amma ka ce Madam Sigina, ko mai tallar doya a bakin tasha za ta nuna maka ƙofar da leɓe. Mace ce gajera mai faɗin murya, ta ba hamsin baya, kuma tun da take ba a taɓa jin ta ce "wataƙila" ba. A kwatas ɗin reluwe aka haife ta, shekara guda bayan yaƙin basasa. Mahaifinta Chidi mutumin Inugu ne da ya ƙare rayuwarsa a ɗakin sigina yana ba jiragen ƙasa hanya: ja su tsaya, kore su wuce. Tun tana 'yar firamare take kai masa abinci ta zauna a gefe tana kallon yadda mutum ɗaya da fitila biyu yake juya ƙarfen da ya fi coci girma. Doka ɗaya ya koya mata, ya kuma maimaita ta har ta gundure ta: mai sigina ba ya barin kujerarsa, ko da gidansa ne ke cin wuta.

Ita kuwa ta ƙudura a ranta wannan kujera za ta gada. Sai dai kafin ta gama sakandare jirgin ya fara zuwa kamar Kirsimeti, daga baya ma Kirsimetin ta fi shi cika alkawari. Ciyawa ta cinye dogo, awaki suka mai da ɗakin sigina wurin shan inuwa. Chinonye ta buɗe shagon robobi, ta yi aure, ta haifi uku, ta binne miji, shekara talatin tana sayar da bokiti da bahon wanka tana jin haushin duniya.

Ana nan sai ga wani ɗan garin, Injiniya Brian, ya dawo daga Jos da tabarau da wata dabara. Ya ce tun da kamfanonin waya sun ga ƙauyukan nan ba su isa a wahala a kansu ba, jama'a su haɗa nasu netwok ɗin. A ɗora rauta, wato ɗan akwatin nan mai eriya, a kan rufin wannan, ita ta miƙa wa ta rufin wancan, wancan ta miƙa gaba, kamar yadda mata ke miƙa kwanon shinkafa hannu da hannu a wurin biki. Aka kafa kwamiti, aka yi addu'ar buɗewa ta awa biyu, aka ɗora rauta arba'in da uku daga cikin gari har Madakiya. Kowace rauta duk minti ɗaya sai ta aiko saƙo zuwa wata kwamfuta a ofishin ƙungiya cewa tana nan da rai. A fuskar kwamfutar akwai taswira da ɗigo arba'in da uku. Mai lafiya kore, wadda ta ɗauke ja.

Ranar da aka nuna wa jama'a wannan allo, Chinonye ta zo ne kawai don an ce za a raba lemo. Tana ganin ja da kore sai ta ajiye kwalbar, ta ture wani dattijon coci, ta ja kujera ta zauna. Ba wanda ya naɗa ta. Ba kuma wanda ya sami ƙarfin halin ce mata ta tashi. Ta bar wa ƙanwar mijinta shagon robobi, kullum ƙarfe biyar da rabi na safe tana gaban allo da shayinta a fulas, tun daga nan sunan Madam Sigina ya bi ta.

To, Brian ya sa wa rautocin suna irin na injiniyoyi, su KF-07 da MD-02. Madam ta ce ita ba ta san wani KF ba, ta san Hellen mai injin niƙa da Asher tela. Ta sa aka goge, kowace rauta ta ɗauki sunan mai rufin. Ga shi Hausarta irin ta Kafanchan ce, wadda mace da namiji da tukunya duk "ya" ne, ga shi kuma a Hausa inji ba ya lalacewa sai dai ya mutu. Saboda haka wata Talata da safe, mutum ɗari biyu da ke cikin gurup ɗin ƙungiya suka buɗe waya suka ga saƙon Madam: Zamani ya mutu tun ƙarfe shida.

Baba Zamani tsohon soja ne, shekara tamanin ba ɗaya, gidansa ne na ƙarshe a kan tudun Madakiya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Abuja da Fatakwal, shi kaɗai yake zaune da aladensa huɗu. Kafin ƙarfe tara matan Zumunta na coci sun ɗaura zanen ƙungiyarsu sun hau tudu suna waƙar ta'aziyya, ɗaya har da buhun masara a ka. Suka tarar da marigayin zaune a kan turmi yana cin rogo da manja. Wata ta zubar da masarar ta runtuma a guje. Baba Zamani ya saurari bayani har ƙarshe, ya ce tun da an riga an kawo masarar a bar ta, ba kyau a mayar da kayan gaisuwa. Daga ranar aka kafa doka a gurup: duk wanda aka ce ya mutu, sai a fara tambaya, rauta ko mutum?

Wannan ce haɗuwar Madam da Baba Zamani ta farko, kuma ba ta yi daɗi ba. Don da Madam ta bincika dalilin mutuwar sai ta gano tsiyar da tsohon yake tsulawa. Batirin sola da ƙungiya ta sa masa soket ɗaya gare shi. Kullum ƙarfe shida daidai Baba Zamani zai zare rauta ya soka injin askinsa, ya aske kan da gashinsa ko an ƙirga da tausayi bai wuce goma ba. Rautarsa kuwa ita ce gadar Madakiya gaba ɗaya, tana ɗaukewa sai gidaje bakwai da ke bayanta su bi ta su yi ja. Minti ashirin cif, sannan ya mayar.

Madam ta kira shi. Ta yi masa bayani da ladabi rana ta farko, ta yi masa da tsawa rana ta biyu, a rana ta uku ta tambaye shi ko a barikin soja haka aka koya masa ya kashe wa mutane hanya. Ya ce mata shi ya yi yaƙi tun kafin uwarta ta ɗauki cikinta, kuma ko Ubangiji ya huta a rana ta bakwai, balle ɗan akwati da ke aiki dare da rana ba albashi. Brian ya hau tudu da kansa ya kai masa soket mai baki huɗu. Baba Zamani ya yi godiya, ya yaba kyan abin, ya naɗe shi a leda ya sa a ƙasan akwatin kayan sojansa, ya ce irin wannan ba na kullum ba ne.

Shekara uku ana wannan. Shida ta buga, Madakiya ta yi ja, Madam ta ɗauki waya.

"Baba, ka sake kashe mini mutane."

"'Yar Chidi, ina kwana tukuna. Ba a gaisuwa a reluwe?"

Daga nan sai zagi ya kankama, ita ta ce masa tsohon banza mai aske iska, shi ya ce mata jirgin da ba fasinja. A tsakiyar faɗan za ta ji ko ya sha maganin hawan jininsa, shi kuma ya ji nawa ake sayar da citta a gari. Shida da minti ashirin ɗigon ya koma kore, kowa ya kashe waya yana tsaki. Ta kai ƙararsa kwamiti sau goma sha ɗaya. Sau goma sha ɗaya aka ce a yi haƙuri, don duk Madakiya ba rufin da ke hango Kafanchan sai nasa, kuma tsohon ya san da haka sarai.

A damina ta huɗu Brian ya je wani taro ya dawo da sabuwar dabara. Ya gaya wa kwamiti cewa yanzu an daina sa mutum ya zauna yana zura wa allo ido. Akwai manhaja da za ta lura da rautocin da kanta, ɗaya na yin ja ta aika saƙo wayarsa nan take, ba ta shan shayi, ba ta zagin kowa, ba ta kuma kashe mutum a gurup. Wannan ta ƙarshen ita ta ja hankalin 'yan kwamiti, don kusan dukansu Madam ta taɓa kashe su. Aka yanke cewa za a gwada mako guda, manhaja da Madam kowa ya yi aikinsa, ranar Asabar ƙarfe takwas kwamiti ya zo ofis ya duba ya yanke hukunci a kan kujerar.

Brian ba mugu ba ne, har gida ya bi ta yana Mama kaza Mama kaza, wai lokaci ya yi da za ta huta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ta riga ta huta shekara talatin a cikin robobi. A gaban mutane ta yi ta cika baki, amma maganar gaskiya tsoro ya kama ta. Kujera ɗaya ta taɓa so a duniya, jirgi ya tafi da ita, ga ta biyu ana shirin miƙa wa abin da ko gaisuwa bai iya ba. Makon nan ko fitsari sai ta daure. Abin haushin kuma manhajar ba ta kuskure: kafin Madam ta miƙa hannu ga waya, ta Brian ta riga ta yi ƙara.

Ranar Asabar aka tashi da yayyafi, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Madam ta sa leshinta na zuwa coci, ta iso biyar da rabi, ta jera bayananta a kan tebur. Shida ta buga. Ta ɗauki waya, ta shirya zagin ranar, wanda ta tanada na musamman.

Madakiya kore.

Ta goge tabarau ta sake dubawa. Shida da biyar, kore. Shida da kwata, kore shar, duk arba'in da uku. Brian ya shigo yana murna yana nuna mata wayarsa, wai manhaja ta rubuta cewa tun da aka kafa netwok ɗin yau ce safiya ta farko da ba a sami matsala ko ɗaya ba, ga shi kuwa ta faɗo ranar zuwan kwamiti. Ya ce da alama tsohon ya shiryu.

Madam ta sake duban ɗigon Baba Zamani. Mutumin da ya zare rauta ranar Ista, ya zare ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ya zare ranar bikin jikarsa kafin ya shiga mota, yau ne zai shiryu? Ta kira shi. Wayar ta yi ta ringin har ta katse. Ta sake kira, haka. Ta kira maƙwabcinsa na gindin tudu, matar maƙwabcin ta ɗauka ta ce duk sun fita gona tun da asuba, ita ma tana hanya.

Ta dubi agogo, bakwai saura kwata. Zuwa Madakiya da dawowa a wannan caɓi, ko da fiffike ba za ta riski ƙarfe takwas ba. Kwamiti zai zo ya tarar da manhaja na aiki, kujera ba kowa, shi ke nan an gama shari'a ba sai an kira shaida ba. Muryar mahaifinta ta dawo mata tar, mai sigina ba ya barin kujerarsa. Ta yi minti biyu tana riƙe da hannun kujerar. Sannan ta miƙe ta ɗauki jaka.

Brian ya ce, "Mama, ina za ki? Komai kore ne fa."

"Shi ne matsalar, ɗana."

Ta tare Kambai mai okada, wani magidanci da suke coci ɗaya, ta ce ya kai ta Madakiya kuma kada ya kuskura ya yi mata wa'azin ramuka. Suka isa gindin tudu leshi ya koma kalar ƙasa. Mashin ya ƙi hawa, ta cire takalmi ta hau da ƙafa tana haki tana zagin duk wanda ya fara gina gida a kan dutse. Ƙofar ɗaki a buɗe, waya a kan gado, injin aski a kan tebur an warware igiyarsa, rauta na ta ƙyafta ido abinta. Sai ta ji aladu suna ihu a bayan gida, irin ihun da ba na yunwa kaɗai ba.

A cikin turken ta same shi, kwance a caɓi, bokitin dusa a kife. Tun biyar ya shigo ba su abinci, santsi ya kwashe shi, ƙugu ya karye. Ya yi kira har murya ta dushe, ruwa na dukansa, jikinsa ya yi sanyi ƙalau yana karkarwa, ɗaya daga cikin aladun ta cinye rabin hularsa. Madam ta faɗa cikin caɓin da leshinta ta tallafo kansa tana kiran sunan Yesu. Tsohon ya buɗe ido da ƙyar ya dube ta.

"'Yar Chidi, yau fa ban taɓa rautarki ba."

"Shi ya sa na zo, tsohon banza."

Kambai ya tattaro mutane daga gona, aka sauko da shi a kan ƙyauren ƙofa, aka sami mota zuwa asibiti. Likita ya ce da ya ƙara awa biyu a cikin ruwan nan, da sai dai matan Zumunta su sake ɗaura zane, wannan karon da dalili. A bencin asibiti ne, yana jiran a shiga da shi, ya gaya mata abin da ta riga ta sani ta ƙi yarda: askin minti biyar ne. Sauran sha biyar ɗin jiran wayarta yake, don in ba ita ba, sai ya wuni bai ji muryar mutum ba. Ta ce masa ya rufe mata baki kafin ta karya ɗaya ƙugun, ta juya tana share ido da gefen ɗankwali.

Kwamiti kuwa ya zo ƙarfe takwas ya tarar da kujera ba kowa da allo kore, ya yanke hukunci cikin minti goma. Aka gode wa Madam bisa hidimarta, aka saya mata agogon bango mai hoton Yesu Makiyayi Mai Kyau. Ta karɓa, ta koma cikin robobinta. Waɗannan makonni ba ta zagi kowa ba, har ƙanwar mijinta ta fara tambaya ko a kira Fasto.

Amma labari ya riga ya shiga bakin matan Zumunta, kuma abin da ya shiga nan ya fi kowane netwok sauri. Tsofaffin da ke zaune su kaɗai, waɗanda 'ya'yansu ke Kaduna da Legas suna turo gaisuwa ta waya, suka yi lissafinsu. Wata Litinin ƙarfe shida Mama Damaris ta zare rautarta ta ƙirga hamsin ta mayar. Washegari su huɗu ne. Kafin wata ya ƙare, tsofaffi goma sha tara ne ke zare rauta da shida, kowa da tsawon nasa, suna kiran abin "gaisuwa". Wayar Brian ta koma kuka kamar an taka jariri, saƙo sittin kafin ya wanke baki, kuma manhajar ba ta san wanne ne gaisuwa wanne ne iska ta karya eriya ba. Sau biyu yana tafiya har bayan gari da tsani ya tarar da tsohuwa tana jiransa da kunu. An sayar da kare an sayi biri.

Ya roƙe su, ya yi musu taro da zane a allo. Mama Damaris ta ce rufinta ne, soket ɗinta ne, kuma ita ba na'ura take gaisarwa ba, a mayar da wadda ta san wanda bai gaisa ba. Baba Zamani ya aiko daga gadon asibiti cewa in ba a mayar da 'yar Chidi ba, yana dawowa zai sauke akwatin ya ba aladu su ƙarasa da shi. Kwamiti ya sake zama, wannan karon minti biyar. Brian da kansa ya je shago ya ɗauko ta, ya kuma gyara manhajar ta yi shiru daga shida zuwa shida da rabi, wannan rabin awa na Madam ne. Wani ɗan kwamiti ya yi ƙoƙarin tambayar ko za a dawo da agogon tun da ba a yi ritayar ba. Kallo ɗaya ta yi masa ya ce wasa yake.

Tun daga nan aikinta ya juye. Da, ja take nema. Yanzu da shida ta buga sai ta bi jerin sunaye tana ƙirga masu ja, wanda ya zauna kore shi ake bugawa waya, in bai ɗauka ba Kambai ya tayar da mashin. Mako bakwai bayan faɗuwar, Madakiya ta yi ja da shida daidai, gidaje bakwai suka bi ta. Madam ta yi wani ihu da ya sa mai gadi ya leƙo, sannan ta gyara murya ta ɗauki waya ta zage shi tas, shi kuma ya tambaye ta ko ba a gaisuwa a reluwe.

Damina biyu suka ƙara a haka. A ta uku ciwo ya kwantar da shi, 'ya'yansa suka zo suka kewaye gadon, ya tafi da rana tsaka ranar wata Laraba, da askinsa sabo. Babban ɗansa, wanda bai san dokokin gurup ba, ya ɗauki wayar tsohon ya rubuta: Baba Zamani ya mutu.

Ba a yi minti ɗaya ba wani ya amsa da abin da aka saba, har da hoton dariya: Rauta ko mutum?

Madam tana kan kujerarta. Ta dubi allo, ɗigon Madakiya kore shar, ɗan ya sa soket mai baki huɗun da ya tsinta a akwatin soja. Mutum ɗari biyu suna jira, don a wannan tambaya ba a yarda da bakin kowa sai nata. Ta daɗe tana riƙe da wayar kafin yatsanta ya yarda.

Ta rubuta: Mutum.